Ranar da Na Yi wa Injin Kampama Wankan Tsamiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa injin kampama wankan tsamiya ba, ko da yake Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawar. Abin ya faru a farkon shekarun saba'in, lokacin gyaɗa tana da daraja, kafin fari ya zo ya zaunar da kowa wuri ɗaya.

Ni mutumin Dungas ne. Na yi lakwal, wato makarantar boko, kaɗan, daidai wadda za ta sa in iya rubuta sunana in kuma raina hauya. Da na ga ni da gona ba za mu shirya ba, sai na tafi Magarya, na samu aiki a kampama, wato masaukin baƙin da wani kamfanin sayen gyaɗa ya gina wa manyansa. Wata Baturiya ce ke riƙe da wurin, Madam muke ce mata. Aikina kuwa (a nan sai na yi ƙasa da murya) wanke-wanke ne.

Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan magana ba. A garinmu a wancan zamani, a ce namiji mai gemu ya tsuguna gaban kwanuka? Gara a ce an kama shi da akuyar mutane. Ko ba komai za a ce ya yi ta maza.

Abin da ya rufa mini asiri shi ne injin wanke kwanuka. Madam ta sayo shi hannun wani otal na Yamai da ya gaji da shi, aka ɗoro shi a kamiyo, babbar motar kaya, har Magarya. Akwati ne na ƙarfe, tsayinsa ya kawo mini ƙirji. A jera faranti da kofunan gilashi cikin kwando, a tura, a ja murfi, a danna. Sai ya yi ta gurnani yana feshin ruwan zafi a ciki, can ya yi shiru, a buɗe, tururi ya mari fuskar mutum. Wutar gurup yake ci, injin lantarkin da ke bayan gida. Ban ji labarin wani irinsa a duk ƙasar ba. Don haka duk wanda ya tambaye ni aikin me nake yi, sai in gyara wuyan riga in ce, "Inji nake kula da shi." Ban yi ƙarya ba. Mutane ne suka ƙarasa da kansu suka ce mekanisiye, wato makaniki, ni kuma tarbiyyata ba ta bari in ƙaryata manya.

Ana nan sai na gamu da Habsu, Allah ya jiƙanta. 'Yar Yekuwa ce, takan zo kasuwar Magarya da innarta a amalanke, suna sayar da tsamiya da kuka da daddawa. An aike ni sayen daddawa sau ɗaya, daga nan madafar kampama ba ta sake rasa daddawa ba, har shugaban madafa, wani tsoho Babarbare mai suna Baba Kiyari, ya ce in na ƙara kawo ko ƙulli ɗaya zai dafa ni da ita. Magana ta yi nisa, manya suka shiga. Mahaifinta Malam Ilu mutum ne dogo, marar yawan magana, mai kallon mutum kamar yana taya rago. Da kawunnaina suka je, ya ce bai ƙi ba, amma shi ba ya ba da 'ya ga sana'ar da bai gani da idonsa ba.

"An ce mekanisiye ne. Madalla. Ba wannan kasuwar ba, ta gaba, zan biyo in ga injin."

Akwai kuma wani ɗan mai awon gyaɗa da ke zagaye gidan nasu da sabon keke, yana kaɗa ƙararrawa ko babu kowa a hanya. Na san in Malam Ilu ya zo bai gamsu ba, Habsu ta tafi a bayan keke.

Sai na koma na yi wa injin irin kallon da suruki zai yi masa. Ruwan rijiyar kampama ruwa ne mai nauyi, duk abin da aka tafasa shi a ciki sai ya bar farin ɓawo. Madam tana ce masa kalkar, mu muna ce masa ƙanzo. Cikin injin nan ya yi ƙanzo mai kauri kamar yaɓen ɗaki. Ƙananan hudojin da ruwa ke fesowa rabinsu sun toshe, kofuna suna fitowa da hazo kamar idon tsohuwa mai yana. Yadda aka saba yi, in abin ya yi muni Madam ta ba da binegar, ruwan tsamin nan na Turawa. Baba Kiyari ya tsiyaya rabi a inji, ya ɓoye rabi don salak, a kunna babu kaya a ciki, a zubar. Ƙanzo ya ɗan ji kunya, ya koma ya gyara zama.

Na ce, "Baba, surukina zai zo ganin injin nan. Ya kamata a wanke shi har ƙasa."

Ya ce, "Shi surukin naka a ciki zai kwana?"

"A'a, amma zai leƙa."

"To ya leƙa. Shi tukunyar gidansu madubi ce? Rabu da shi, ɗan Dungas. Miƙo mini wuƙa."

(Daga baya ya so ya ce wai hangen nesa ne ya sa ya hana ni. Ƙyuya ce. Shi da kansa ya amsa wata rana da yake cikin raha.)

Ranar kasuwar da ta shiga tsakani, na je wurin Habsu, na yi kamar zancen ya zo ne kawai.

"Wai ku in buta ta yi farin ƙanzo, me kuke yi mata?"

"Tsamiya mana. A jiƙa a zuba, ta kwana. Me ya haɗa mekanisiye da buta?"

"Binciken aiki ne. Ba za ki gane ba."

Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'ar bincike," tana gyara kallabi don in kasa ganin bakinta. Na saye tsamiyar da suka zo da ita kaf. Innarta ta bi ni da ido ta ce, "Ɗan nan, in kunu za ka fara sayarwa ka faɗa mana tun yanzu."

Aka yi dace, ranar da Malam Ilu zai zo ita ce ranar da manyan kamfani za su iso daga Damagaram, a yi musu babban cin abincin rana, har da sufurefe, babban jami'in gwamnati na Magarya, da mutanensa. Na ji daɗi. Na ce suruki zai tarar da inji yana aiki gadan-gadan, ni ina tsaye a kansa kamar direban jirgi.

Ana gobe ranar, Madam ta tafi sayayya tun da safe. Na jiƙa tsamiya cikin rabin duro da ruwan zafi, na dama ta da hannu, na tace da tsohuwar singileti. Na ga kamar tsamin bai isa ba, na matse lemon tsami kwando guda. Na ga har yanzu da saura, na lalubo binegar ɗin da Baba Kiyari ke ɓoyewa bayan buhun shinkafa na juye duka. Na ɗura wa inji, na kunna. Ya yi kumfa, ya yi tari, ya yi gyatsa. Da na buɗe, sai ga ƙanzo yana ɓaɓɓakowa falle-falle. Wallahi ban taɓa jin daɗin aiki irin na ranar ba. Na ƙara zubawa, na ƙara kunnawa. Inda ya yi taurin kai na bi shi da wuƙa da gindin cokali, lungu-lungu, har wuraren da tun da aka ƙera injin hannu bai taɓa zuwa ba. Da yamma aka kashe gurup, na cika tankin da sauran ruwan tsamiya na bar shi ya kwana, yadda Habsu ta ce.

Da safe na zubar, na ɗauraye da bokiti. Cikin injin ya yi wal, har na ga fuskata, na kuma ga ba ta da laifi. Na lura da wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo a gindin tanki da wajen da tiyo ya haɗu da ƙarfe. Na ce ado ne na masu ƙira. Ban samu na gwada shi ba, don ba a tayar da gurup sai rana ta take, saboda tsadar mai.

Saura shiga. Na ari shuɗin kayan aiki wurin wani direban kamiyo, irin mai haɗe da riga da wando. Na ga ya yi tsabta da yawa, na shafa masa baƙin mai a ƙirji da hannuwa. Na soka sifana a aljihu, kanta a waje don a gani. Da na shiga madafa Baba Kiyari ya ajiye ludayi ya rusuna.

"Ranka ya daɗe mekanisiye. A taimaka a yanka mana albasa, in daraja za ta bari."

Baƙi suka iso, motoci suka cika gaban gida. Su Turawa da waɗanda suka koyi ci a wurinsu suna da wata ɗabi'a: kowane abinci da farantinsa. A ci salak a ɗauke faranti, a kawo kifi a wani, a ɗauke, nama a wani. Mu da muke cin tuwo da miya da nama a akushi ɗaya har yau ba mu mutu ba. Farantan kampama kuwa ba su isa wannan taro ba, sai an wanke na farko da sauri kafin a zuba na uku. Madafa ta yi zafi, mai yana ƙara a kasko, masu kai abinci suna shiga suna fita suna zagin juna, Baba Kiyari yana zagin kowa.

Kwandon farko ya fito. Madam ta ɗaga kofi ɗaya wajen taga, haske ya ratsa shi tas. Ta dube ni ta ce, "Tire biyan!" wato madalla. Tun da na fara aiki ba ta taɓa faɗa mini haka ba. Na taɓa sifanata na sunkuyar da kai irin na masu ilimi.

A kwando na biyu na ji ɗumi a yatsun ƙafata. Na duba, ruwa ne yake ɗiga daga gindin inji. Na tura tsumma da ƙafa na rufe. Sai wani siririn ruwa ya tsarto daga gefe, kamar yaro yana fitsari a jikin katanga. Na danna yatsa a wurin. Wani ya ɓullo ta can, na danna wani yatsan. Kafin a jima yatsuna sun ƙare, ina rungume da inji kamar mun daɗe ba mu gamu ba, ruwan zafi yana cin tafin hannuna.

"Ɗan Dungas, kokawa kuke yi?" in ji Baba Kiyari.

Ban samu na amsa ba, tiyon baya ya fizge. Ashe akwai sauran tsamiya maƙale a hanjin injin, har da 'ya'yan da suka tsere wa singileti. Ruwa ya kwararo ja-ja, da kumfa, da tururi. Shi kuma maginin da ya yi daɓen madafar, Allah ya saka masa, ya karkatar da shi wajen ƙofar ɗakin cin abinci. Ina kallo ruwan nan ya bi ta ƙarƙashin ƙofa cikin natsuwa kamar an gayyace shi. Na kasa kunne can ciki. Sai ƙarar jan kujeru. Wani daga cikin masu kai abinci ya ce mini daga baya sufurefe ya ɗaga ƙafafunsa biyu sama yana riƙe da cokali, wani babba kuma ya shaƙi iska ya tambaya ko an ga watan azumi ne, ya ji ƙanshin kunun tsamiya. Ruwa ya kai ga wayar wuta, aka ji tas, gurup ya yi tari biyu ya mutu, fankoki suka tsaya.

Madam ta shigo tana ɗage da siket. A ranar na koyi Faransancin da ba a koya mana a lakwal ba. Amma mace ce mai sanin abin da ke gabanta: nama ya nuna, babu faranti mai tsabta ko ɗaya. Ta nuna mini tsakar gida ta baya. A wanke da hannu, yanzu-yanzu.

A bayan nan akwai matan da ake ɗauka ranar taro su fige kaji su kankare manyan tukwane. Shugabarsu Gwaggo Laure, mace ce da in ta yi maka shiru ma ka ji zafi, balle ta buɗe baki. Suka matsa mini wuri gaban daro. Na wanke faranti na farko, na miƙa, sai ga shatin yatsuna baƙi ƙirin a bakinsa. Baƙin man da na shafa don burga ya jiƙe yana gangarowa. Madam ta gani ta taga, ta daka tsawa in cire wannan ƙazamin kaya.

To a nan ne matsala. Duk hankalina ya tafi ga na waje, ban kula da na ciki ba. Wani gajeren wando ne a jikina wanda ya riga ya gama aikinsa a duniya, bayansa duk tagogi. Na raɗa wa Gwaggo Laure halin da ake ciki. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta kwance zanen da ta naɗe kayanta da shi, mai manyan furanni ja da rawaya, ta jefo mini. Na shiga bayan zana na ɗaura. Rana tana dukan ƙeyata, na yafa tawul ɗin goge kofuna a ka. Na dawo na tsuguna tsakanin mata, na ba ƙofa baya, na kama aiki.

Gaskiya ita ce na iya. Kafin inji ya zo da hannu nake yi, kuma hannu bai manta ba. Ina cikin sauri, faranti yana bin faranti, har na fara mantawa da abin da ke tafe, sai na ji muryar mai gadi yana cewa, "Ta nan, Malam, suna baya." Sannan wata murya a hankali:

"Salamu alaikum. Sannunku da aiki, mata. Mekanisiye nake nema."

Muryar Malam Ilu ce. Sai wata dabara ta zo mini, irin wadda ba ta zuwa sai ga wanda Allah ya riga ya gama da shi. Na ce tunda ya ɗauke ni mace, bari in zauna a macen har ya gaji ya tafi. Na ƙara jawo tawul, na matse murya na ce, "Yawwa, sannu Malam. Ya fita."

Da Gwaggo Laure tana da imani, da an wuce wurin. Ta share hannu a zane ta ce, "Af, Malam, ai ga shi nan gabanka, mai zanen fure. Ke 'yar nan, ba ki da kunya? Juyo ki gaida baƙo."

Matan nan suka kwashe da shewa. Na juyo. Malam Ilu yana tsaye da sandarsa da farar rigarsa ta kasuwa. A bayansa, bakin ƙofa, Habsu ce ɗauke da ƙwaryar sayayyarsa a ka. Na durƙusa, kumfa har gwiwar hannu, faranti a hannun dama, soso a hagu, zane yana neman kwancewa.

"Baba, barka da zuwa. An zo lafiya?"

Muryar tawa ba ta gama komawa daidai ba tukuna, sai rabin gaisuwar ta fito da ta mata, rabi da ta maza.

Ya dube ni tun daga tawul har yatsun ƙafa. Sannan ya ce, "Lafiya lau. Ina injin?"

Baba Kiyari ya leƙo ta taga. "Ya cika ɗazu, Malam. Mekanisiye ya yi masa wanka tun da ransa."

Na ga ƙwaryar kan Habsu tana rawa. Ta juya ta fuskanci katanga, kafaɗunta suna girgiza.

Na zaci zai juya ya tafi, in samu in mutu a natse. Bai tafi ba. Ya jawo turmi ya kifa, ya tattare riga ya zauna. Madam tana ihu a kawo faranti, ba yadda zan yi, na koma gaban daro, surukina yana kallo. Na wanke na nama, suka dawo, na wanke na kayan zaƙi, na wanke kofuna, na wanke cokula. Tsawon wannan lokaci magana ɗaya ya yi. Ya nuna da sanda ya ce, "Juya wancan, akwai maiƙo a bayansa." Na juya. Akwai kuwa.

Da aka gama, ya miƙe. Na raka shi bakin ƙofa da zanena, don shuɗin kayan yana jiƙe a kan zana. Na fara, "Baba, ni dai a gaskiya..."

Ya ɗaga hannu. "Ka daɗe kana wannan aiki?"

"An jima, Baba."

"Na gani. Ko ɗaya ba ka fasa ba." Ya waiwaya ya dubi 'yarsa, wadda har lokacin ba ta iya kallona ba. "Yarinyar can, tun tana ƙarama in aka ce wanke-wanke sai ciwon kai ya kama ta. Uwarta ta yi faɗa ta gaji. Na daɗe ina tunanin gidan da zan kai ta ba a maido mini ita ba. Ka turo kawunnanka."

Ya yi taku kaɗan, ya tsaya. "Amma in za ka zo, ka zo da wando."

Bayan kwanaki aka kawo mekanisiye na gaske daga Damagaram. Ya kwanta ya leƙa gindin injin, ya tashi yana dariya. Ya ce tsatsa ta cinye tankin tun yana Yamai, duk huda ne, ƙanzon nan shi ya liƙe su yake riƙe da ruwa. Na kankare abin da ke riƙe da shi. Bai sake aiki ba. Baba Kiyari ya mai da shi ma'ajiyar albasa, ya ce sai yanzu ya ga amfaninsa. Madam ba ta kore ni ba, don yanzu tana bukatar hannu, kuma duk Magarya ta riga ta san wanda ya iya.

Habsu kuwa ciwon kan nan bai taɓa barin ta ba. Da an gama cin abinci sai ta dafa goshi ta ce, "Mekanisiye, inji ya cika," ni kuma in kwashi kwanuka in zagaya bayan ɗaki inda maƙwabta ba za su gani ba. (Sun sani. Ita ta faɗa musu.) Haka muka yi har 'ya'ya suka girma suka karɓe ni, suka yi aure suka bar mini abina. Bara ta rasu. Yanzu kwano ɗaya ne, ba ya ɗaukar lokaci.

Abin da na koya ba shi da yawa. In ka tarar da tsohon abu yana aiki, kafin ka ɗauko wuƙa ka kankare shi, ka tsaya ka tambaya me ke riƙe da shi. In kuma za ka yi wa suruki burga, kada ka kashe duk dabararka a kan rigar waje. Ka duba wandon ciki.